Darasi a kan Baitocin 'Yanci da Ilmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga baitoci huɗu da sharhinsu domin 'yan'uwa na zawiyarmu ta Tokoin.

Ya Rabbi Kai Ka yi ɗan Adam da daraja,
Ka tufasar da shi rigar mutunci.

Bawan da ke cikin mari ya san marinsa,
Wanda bai san nasa ba, ya nutse a jahilci.

An rushe soro, an tashi kasuwa,
Allon da ke ƙirji ya gagari zalunci.

Kai mai hana ɗiya karatu, ji tsoro,
A gidanka za ka fara tsai da adalci.

Baiti na farko. Ka sani, ya kai ɗan'uwa, mutunci kyautar Allah ce, ba sarki ya ba da shi ba, balle ya karɓe. An ruwaito cewa ɗan Amru bin Asi, gwamnan Masar, ya bugi wani talaka. Sayyidina Umar ya sa aka rama masa, kuma ya tunatar da Amru cewa 'ya'ya uwaye ke haifa, ba bayi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a 1948, amma asalinsu ya riga takarda.

Baiti na biyu. Mari shi ne ƙarfen da ake sa wa bawa a ƙafa. Jahilci ya fi shi muni, domin mai shi bai san an ɗaure shi ba, ana cin haƙƙinsa yana godiya. Dubi fursunonin Badar: wanda ba shi da fansa, in ya iya rubutu, sai ya koya wa yara 10 na Madina, a sake shi. Ashe ilmi kuɗin 'yanci ne tun farkon Musulunci.

Baiti na uku. Dattawanmu shaidu ne. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zangon Lome, aka kwashe jama'a zuwa wajen Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da gari. Gidaje suka tafi, ciniki ya watse. Amma mahaddaci ya isa can da Alƙur'aninsa a ka, ya shimfiɗa buzu, yara suka kewaye shi. Abin da ke ƙirji ba ya rusuwa.

Baiti na huɗu. Nan ne wuyar aikin take. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke karantar da almajirai, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, mata na kai karatu ƙauyuka. A Togo an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2008. To, mene ne uzurin wanda ya ɗora wa ɗiyarsa talla, ya hana ta allo da boko? Mai kukan an danne shi, alhali yana danne na ƙasa da shi, wace amsa zai bayar ranar hisabi?

Faɗakarwa. Wazifa ba ta ɗauke wa muridi farillar neman sani. Kowa ya ƙidaya yaran gidansa yau, ya ga wanda ba ya zuwa makaranta, gobe ya kai shi.

Allah Ya 'yanta mu daga jahilci da zalunci, Ya sa mu cika da imani. Amin.