Darasin Tauhidi: Aƙidar Taslisi da Amsar Malamanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Makaɗaici, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wanda zai yi raddi ga wata aƙida wajibi ne ya san ta kamar yadda masu ita suke faɗinta. Idan muka ce wa Kirista yana bauta wa alloli uku, musantawa zai yi, magana ta ƙare ba a amfana ba.

Abin da manyansu suka tsayar a taron Nikiya (325) da na Ƙusɗanɗiniya (381) shi ne: zati ɗaya ne, amma Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne, kowanensu Allah ne cikakke. Kiristocin Bagadaza masu rubutu da Larabci sun kira zatin "jauhari", ukun kuma "aƙanim". Wasunsu suka fassara su da samuwar Allah da iliminsa da rayuwarsa, domin maganar ta yi kusa da abin da Musulmi ya sani na siffofi.

A nan ne Alƙali Abubakar Baƙillani, Bamalike, wanda ya rasu a 1013, ya tare su cikin littafinsa Attamhid. Ya tambaye su dalilin tsayawa a kan uku. Idan ilimi da rayuwa sun cancanci zama aƙanim, me ya hana ƙudura? Mu da muka karanta siffofi ashirin a zaure mun san cewa yawan siffofi ba ya raba zati, kuma siffa ba ta barin mai ita ta shiga jikin ɗan Adam.

Ko a Turai, babban malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tabbatar cewa hankali yana iya kaiwa ga kaɗaitakar Allah, amma ba ya iya kafa hujja a kan Taslisi, sai dai a karɓe shi daga nassi. Ke nan jayayya ta koma ga nassi, mu kuwa aya ta 171 ta Suratun Nisa'i ta yanke mana hukunci: Isa, alaihis salam, manzo ne.

Saboda haka mu koyar da ƴaƴanmu tauhidi da hujjojinsa, haddar lafazi kaɗai ba ta isa ba. Idan zance ya haɗa mu da maƙwabci Kirista, mu yi shi da ladabi kamar yadda aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta umurce mu, ba zagi, ba cin mutunci.

Allah Ya tabbatar da mu bisa Kalmar Shahada, amin.