Kafin Ka Sayi Fom Ɗin MBA

Ma'aikaci ya shekara biyar ko shida a kujera ɗaya, na bayansa sun fara wuce shi, sai ka ji ya ce zai koma makaranta ya yi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Ba laifi. Amma kafin ka cire kuɗin fom, ka tantance muƙamin da kake hange, sannan ka binciki waɗanda ke riƙe da shi yanzu. Me suka karanta? In yawancinsu MBA gare su, ka samu amsa. In kuwa jarrabawar ICAN ko ANAN ko ACCA ce ta kai su, kamar yadda aka saba gani a sashen kuɗi, to can ya kamata kuɗinka ya tafi.

Wurin aikinka ma yana da ta cewa. A aikin gwamnati, shekarun da ka yi a mataki, jarrabawar ƙarin girma da samuwar gurbi su ke ɗaga mutum. Kwali ba ya tsallakar da kai mataki don kawai ka miƙa shi. In ma ka tafi karatun ba da rubutaccen izinin ma'aikatarka ba, ana iya ƙin saka shi a fayil ɗinka. A banki ko kamfanin sadarwa ko masana'anta ne ya fi tasiri, musamman ga injiniya ko likita da aka ɗora wa shugabancin ma'aikata da kasafin kuɗi alhali bai taɓa zama ya karanta lissafin riba da asara ba. Irin wannan shi ke cin moriyar karatun, domin abin da aka koya masa ranar Asabar, Litinin zai gwada shi a ofis.

Sai batun kuɗi, inda mutane suka fi ruɗin kansu. A Amurka shekara biyu ake yi, yawanci bayan jarrabawar GMAT, kuma ajiye aiki za ka yi. Ke nan albashin wata 24 da za ka rasa yana cikin kuɗin makarantar, ga haya, ga iyalin da ka bari. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da za a biya da dala ya ninka. A Ingila galibi shekara ɗaya ce. Tallafin Chevening yana neman aƙalla shekara biyu ta aiki, kuma akwai iyakar abin da yake biya wa mai MBA, cikon daga aljihunka zai fito.

A gida akwai Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, da karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'ar NOUN, duk kana iya yi kana bakin aikinka. Lagos Business School, wadda aka kafa a 1991, tana da suna wurin manyan kamfanoni, da tsada daidai sunan. Ko'ina za ka je, ka bincika su wa ke zama a ajin, don rabin amfanin MBA sanin mutane ne. Za a nemi takardar bautar ƙasa, mai HND kuma galibi sai ya fara da PGD.

Mai burin koyarwa a jami'a da yin digiri na uku ya kula: jami'o'inmu da yawa M.Sc. suke nema, ba MBA ba.

Wanda kuma ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba, yake son fakewa da MBA kafin Allah ya kawo, shawarata ya dakata. Ya nemi aiki ko sana'a komai ƙanƙantarta, ya yi shekara biyu ko uku tukuna. In kana da aikin, ka fara da zuwa wurin shugabanka ka tambaye shi ko kamfani zai biya wani kaso, kuma wace kujera ke jiranka in ka gama. In bai ba ka amsa takamaimiya ba, kada ka ci bashi domin karatun.