Rakiyar Mai Naƙuda a Ƙarƙashin Medicaid: Me Ya Sa Rajista Ta Zama Dole

A Amurka, kusan haihuwa huɗu cikin goma Medicaid ce ke biyan kuɗinsu, wato inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya da jihohi suke haɗa hannu su ɗauki nauyinta don masu ƙaramin ƙarfi tun 1965. Matan da ke cikin wannan shiri su suka fi buƙatar wadda za ta tsaya musu tun daga goyon ciki har jego, kuma su ne ba su da halin biyanta daga aljihunsu. Wannan tsayawa ita ce aikinmu, mu da ake kira dula. Ba ma karɓar haihuwa, ba ma ba da magani, ba ma duba buɗewar bakin mahaifa. Wannan hurumin likita da ungozoma ne. Namu shi ne mu zauna da mai naƙuda har ta sauka, mu danna mata ƙugu idan ciwon ya taso, mu taimaka mata ta sauya kwanciya, mu tuna mata cewa tana da damar yin tambaya kafin ta sa hannu a kowace takarda. Kirana ga masu wannan aiki ne, musamman matanmu 'yan Afirka ta Yamma mazauna Bronx da makamantanta, waɗanda suka daɗe suna yi wa juna wannan hidima don zumunci. Yin rajista da Medicaid da iya neman biya yadda aka tsara suna cikin aikin kansa, domin duk lokacin da dula ta tsaya a wajen tsarin, talakar mai ciki ce ke shiga ɗakin haihuwa ita kaɗai.

Gwamnati ba don tausayi ta fara biyan wannan aiki ba. A 2017 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, da suka shafi mata sama da 15,000, ta gano cewa matan da suka sami mai tsayawa tare da su a duk tsawon naƙuda sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta fi gajarta, kuma yiwuwar a yi musu tiyata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin nan, a 2013, Katy Kozhimannil da abokan aikinta sun duba matan Medicaid da suka haihu da rakiyar dula a Minneapolis, suka tarar kashi 22.3 cikin ɗari aka yi wa tiyata, alhali a tsakanin matan Medicaid na ƙasar baki ɗaya adadin ya kai kashi 31.5. Tiyata ta fi haihuwa da kai tsada nesa ba kusa ba, don haka masu riƙe da baitulmalin jihohi suka kasa kunne. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi: a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 ne suka rasu saboda ciki ko haihuwa, fararen mata kuwa kusan 27.

Sai dai tarihin shirin ya nuna cewa kafa doka kaɗai ba ya kai dula gaban gadon kowa. Jihohin Oregon da Minesota su suka fara, a 2014. Oregon ta sa dala 75 kacal a kan haihuwa guda, aikin da kan cinye yini da dare. Minesota ta fi haka, amma ta ce sai dula ta sami likita ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya da za ta nemi kuɗin a ƙarƙashinta, kuma kaɗan ne suka yarda su ɗauki wannan ɗawainiya. Shekaru suka wuce haƙƙin yana rubuce, masu cin moriyarsa 'yan tsiraru. Da masu aikin suka matsa, Oregon ta ɗaga kuɗin zuwa dala 350 a 2017, sannan 1,500 a 2022. Kalifoniya ta fara a Janairun 2023, New York kuma ta buɗe shirin a faɗin jihar a Maris 2024, da dala 1,500 a cikin birnin New York da 1,350 a sauran sassa, na ziyara takwas da ranar haihuwa. Waɗannan gyare-gyare sun samu ne saboda akwai masu aikin da suka shiga, suka ga inda tsarin ke ciwo, suka yi magana da hujja a hannu.

Rajistar ba ta kai yadda ake tsoronta ba, illa dai tana son bin tsari. Farko a nemi lambar NPI, lamba mai alƙaluma goma da gwamnatin tarayya ke ba kowane mai aikin lafiya kyauta ta intanet, a kuma zaɓi lambar rukunin sana'ar dula, 374J00000X. Daga nan sai sharuɗan jiha, waɗanda suka bambanta. Kalifoniya, alal misali, tana karɓar wadda ta yi horo na aƙalla sa'o'i 16 ta kuma halarci haihuwa uku, ko wadda ta yi shekara biyar tana aikin ta kawo wasiƙun shaida uku. Wannan hanya ta biyu ita ta fi dacewa da manyan matanmu da suka ƙware ba tare da sun zauna a aji ba, kuma New York ma tana da irinta. Ana neman shaidar horon farfaɗo da numfashi da na kare sirrin majiyyaci, wasu jihohin kuma har da inshorar kariya daga ƙara. Abin da ya fi yi wa sababbi ba-zata shi ne amincewar jiha ba ita ce ƙarshe ba. Mafi yawan masu Medicaid suna ƙarƙashin kamfanonin inshora masu zaman kansu da jiha ta ba kwangila, kuma a jihohi da yawa sai dula ta ƙulla yarjejeniya da kowane kamfani daban kafin ya biya ta. Dokar tarayya ta kuma ce sai wani mai lasisin aikin lafiya ya ba da shawarar a yi wa mace wannan hidima, amma Michigan da Kalifoniya da New York sun sauƙaƙa, babban likitan gwamnati ya fitar da shawara guda da ta game kowa.

A wajen neman biya ne kuɗi ke salwanta, kuma galibi kan ƙananan abubuwa. Kafin kowace ziyara a shiga shafin jiha a tabbatar inshorar matar tana aiki a wannan rana, domin takan yanke ko a mayar da ita wani kamfani ba tare da ita kanta ta sani ba. Bayan ziyara, kafin a bar ƙofar gidan, a rubuta kwanan wata, lokacin shiga da na fita, inda aka haɗu, da abin da aka tattauna, sannan a sa hannu. A takardar neman biya, fom ɗin CMS-1500 ko makamancinsa na intanet, a kwafi sunan daga katin inshora harafi da harafi. Mu mun san Hauwa da Hauwa'u da Hawa mutum ɗaya ce, kwamfutar kamfanin ba ta sani ba, kuma za ta dawo da takardar. Lambobin hidima irin su T1032 da T1033 na dula ne, amma kowace jiha da waɗanda ta zaɓa, don haka littafin ƙa'idar jiha ake bi, ba abin da wata ta faɗa a zauren WhatsApp ba. Wa'adi ma yana da tsauri: New York kwana 90 take bayarwa daga ranar hidima. Takardar da aka ƙi biya tana zuwa da dalilin ƙin, kuma sau da yawa gyara ɗaya ya isa a sake turawa.

Wasu za su ce wannan aikin lada ne, kuma karɓar kuɗi a kan taimakon 'yar'uwa a ranar da take tsakanin rai da mutuwa abin kunya ne. Niyyar mai wannan magana kyakkyawa ce, amma lissafinta bai cika ba. Kuɗin ba daga hannun mai jego yake fitowa ba. Hasali ma doka ta hana wadda ta yi rajista ta nemi ƙari daga matar a kan hidimar da Medicaid ta biya. Haƙƙi ne da aka ware wa matar, idan ba a nema ba ya zauna a asusun kamfani. Sannan wadda ke barin aikinta na sa'o'i, ta nemi mai riƙe mata yara, ta hau jirgin ƙasa da ƙarfe biyun dare, sau nawa za ta iya yin haka kyauta kafin ta gaji? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai yi don zumunci takan raka 'yan gidansu ne kawai, mai samun biya kuwa tana iya raka baƙuwar da ta iso bara, wadda ba ta da uwa ko yaya a ƙasar da za ta dama mata kunu.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: cewa shiga tsarin zai mayar da dula 'yar amshin shatan asibiti, ta daina kare matar. Haɗarin gaskiya ne idan asibiti ne ya ɗauke ta aiki. Amma rajista da Medicaid ba ta sa dula a ƙarƙashin asibiti; matar ce ke zaɓenta, kuma takardar amincewar jiha tana ƙara mata ƙarfin tsayawa idan wani a bakin ɗakin haihuwa ya so ya lissafa ta cikin masu ziyara.

Ƙorafin da ba ni da cikakkiyar amsarsa shi ne na jinkiri da ƙarancin kuɗi. Dula mai zaman kanta a babban birni takan karɓi fiye da abin da Medicaid ke biya, kuma a hannu, ita kuwa Medicaid sai an jira makonni, babu wanda ke biyan sa'o'in cike fom. Abin da ya rage nauyin a wurare da dama shi ne haɗuwa: masu aikin su kafa ƙungiya, su nemi lambar NPI ta ƙungiya inda jiha ta yarda, mutum ɗaya ya riƙe takardu da bibiyar kamfanoni, sauran su riƙa maye gurbin juna idan naƙuda biyu suka zo dare ɗaya. Ƙungiyar ita za ta riƙa tunawa da ranar sabunta rajista, wadda dokar tarayya ta ce kada ta wuce shekara biyar, da ranar ƙarewar takardar horon farfaɗo da numfashi, domin a jihar da ta sa ta sharaɗi, ƙarewarta kan iya tsayar da biya.