Darasin Mako: Idan Mota Ta Fara Zubar da Ruwa a Tsakiyar Hanya

A darasin wannan mako za mu duba matsalar da duk mai bin hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, ko ta Wurno da Rabah, ya taɓa gani: mota a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi. Da yawa a cikinmu 'ya'yan direbobi ne, wasu kan bi motar albasa ko tafarnuwa a lokacin hutu, sauran kuma fasinjoji ne. Ga halin tsaro da yankinmu ke ciki, babu mai son dare ya riske shi tsakanin ƙauye da ƙauye. Saboda haka sanin dabarar da za ta kai mota gari na gaba ilimi ne da kan ceci inji, wani lokaci har da rai. Amma a riƙe wannan tun farko: abin da za mu koya faci ne na isa wurin bakanike, ba gyara ba ne.

Me ya sa inji ke buƙatar ruwa?

Inji na ƙona fetur ko gas ne a cikinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona ruwa ne ke kwashe shi a matsayin zafi. Famfon ruwa ke tura ruwan ya zagaya cikin inji, ya bi ta tiyo zuwa lagireto, iska da fanka su sanyaya shi, sannan ya koma. A haka inji ke zama a zafin digiri 90 ko kusa da haka.

A ajin kimiyya an koya mana cewa ruwa na tafasa a digiri 100. To, murfin lagireto na danne ruwan da matsi, kuma ruwan da ke ƙarƙashin irin wannan matsi ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Wannan matsin yana da fuska biyu. Shi ke hana tafasa, shi ne kuma ke feso ruwa waje da zarar an sami 'yar kafa. Ƙaramar mota ba ta ɗaukar ruwan da ya wuce lita 5 zuwa 8, don haka rami kamar bakin allura ya isa ya ƙarar da shi kafin a yi nisa, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40.

Alamomi

Allurar zafi ta haura zuwa ja, ko jar fitila ta kama. Ana iya jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko a ga tururi, ko ɗigon ruwa kore ko ja a ƙarƙashin mota. Wata alamar mai ruɗi ita ce allura ta hau sannan ta faɗo farat ɗaya. Kada a yi murna, domin ta yiwu ruwan ne ya ƙare har abin auna zafin bai taɓa shi.

Mataki na farko: tsayawa da haƙuri

A sauka daga kan kwalta, a kashe inji, a sa alama a baya. Kada a ce bari a ƙarasa Achida tunda an kusa. 'Yan mintoci na tafiya babu ruwa sun isa su lanƙwasa kan inji, su ƙona gasket, har inji ya buga.

Sannan a jira minti 30 zuwa 45. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya riƙe shi, kuma ana cire murfin zai tafasa nan take ya watsu a fuska da hannu. A taɓa tiyon sama: idan yana da tauri da zafi, da sauran jira. In ya huce, a ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, a murɗa kaɗan, a bari iskar ta gama fita. A kuma nisanta yatsu da hannun riga daga fanka, domin mai aiki da lantarki kan tashi da kanta ko mota na kashe. Wanda ruwan ya ƙona, a yi ta zuba masa ruwa mai sanyi na minti 20, ban da shafa ƙwai ko man goge baki, sannan a nufi asibiti.

Mataki na biyu: gano inda ke yoyo

A zuba ruwa a hankali, a duba inda yake ɗiga. Kada a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe kan tsage.

Idan kilif ɗin bakin tiyo ne ya saki, a ɗaure shi da sukudireba. In ya karye, a naɗa waya zagaye biyu a murɗe ta da filaya.

Idan tiyo ya fashe kusa da bakinsa, a yanke wurin da wuƙa, a mayar da ragowar a ɗaure, matuƙar tsawonsa ya kai ba tare da ya lanƙwashe ba. Wannan ya fi kowane faci ƙarko.

Idan a tsakiya ya tsage, a goge wurin ya bushe sarai, a yanko robar tsohon tub, a ja ta da ƙarfi a naɗe, ta wuce tsagar da faɗin yatsu uku ta kowane gefe, sannan a ɗaure da waya.

Idan ɗaya daga siraran bututun lagireto ne dutse ya huda, a buɗe wurin a hankali, a matse bututun da filaya sama da ƙasan ramin, a lanƙwasa bakin. Rasa bututu ɗaya ko biyu ba ya hana lagireto aiki. Ƙaramin rami kuwa ana iya cusa masa sabulu, sai dai yana narkewa, dole a riƙa dubawa. Tankin roba da ya tsage, a busar da shi, a kankare, a shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa.

Wasu direbobi kan zuba ƙwai ko barkono ko garin rogo cikin lagireto. Gaskiya ne yakan toshe ƙaramin rami, amma ba ya bambanta rami da hanyar ruwa, yakan toshe bututun ma. A bar shi sai an rasa kowace dabara kuma rana na faɗuwa, a kuma wanke lagireton da zarar an isa.

Mataki na uku: rage matsi

Faci ba ya jure matsi. A motocin da murfinsu na ƙarfe ne mai maƙale biyu, a murɗa shi zuwa na farko kawai. Ruwa zai daina fesowa, ya koma ɗiga. Sai dai yanzu zai tafasa a digiri 100, don haka dole a yi tafiyar a hankali. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, kada a matsa wa inji, ido na kan allura. Idan ta fara hawa, a kunna hita a ƙure ta, a buɗe tagogi, domin hita ƙaramin lagireto ce da ke janye zafi. A tsaya kowane kilomita 5 zuwa 10 a duba.

Wane ruwa?

Mafi kyau shi ne ruwan inji na gora da ake sayarwa, domin yana hana tsatsa. In babu, ruwa mai tsabta ya wadatar. Ledar fiya wata 10 lita 5 ce. Ruwan gulbin Rima ko na fadama yana da laka da yashi, a tace shi da tsumma. A kula: ruwan inji mai launi guba ne, kuma zaƙinsa na jan yara da awaki, don haka a rufe wanda ya zube da ƙasa.

Inda faci ba ya aiki

Idan fambel mai juya famfon ruwa ya tsinke, ko ruwa na zuba daga famfon kamar an buɗe buta, kada a ci gaba. Haka nan idan salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na ta tasowa a bakin lagireto, gasket ya riga ya ƙone. A nan a fara tunanin mutane kafin mota: a nemi wadda za ta ja ta, ko a sauya wa fasinjoji mota tun da sauran rana. Kuɗin ja bai kai kuɗin sabon inji ba.

Aikin gida

Rigakafi ya fi magani. Kafin ranar Lahadi, ranar kasuwar Goronyo, kowa ya nemi izinin mahaifinsa ko yayansa mai mota, da safe kafin a tayar da inji, ya duba ruwan lagireto, ya matsa tiyo ya ji ko ya yi laushi ko ya kumbura. Sannan ya leƙa but ya ga ko akwai waɗannan: jarkar ruwa, filaya, sukudireba, wuƙa, waya, robar tub, sabulu da tocila. Abin da babu, a rubuta a miƙa wa mai motar cikin ladabi.

Tambayar mako: me ya sa ruwan da bai tafasa ba cikin rufaffen lagireto ke tafasa da an cire murfi? A jefa amsa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa wadda ta fi gamsarwa a fitowa ta gaba. Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya.