Kafin a rataya ledar jini

Ma'aikatan lafiya, idan aka kawo muku mai zubar da jini, ku fara duba abin da ya rasa. Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke kai iskar oksijin sassan jiki, kuma leda ɗaya takan ɗaga himogulobin na babban mutum da kusan giram 1 a desilita. Wanda zubar ta tsaya masa, hankalinsa kwance, yawanci sai himogulobin ɗinsa ya sauka ƙasa da 7 ake ƙara masa.

Mai jego da jini ya ɓalle mata ko wanda ya yi haɗarin mota kuwa, ba a jiran awo. Jajayen ƙwayoyi kaɗai ba su daskarar da jini, don haka a haɗa da filasma da filatilet, kusan ɗaya bisa ɗaya. Inda babu su, kamar yawancin asibitocin karkara, cikakken jinin da aka tantance ya wadatar. Allurar tiraneksamik kuma cikin awa 3 na farko ake yin ta.

Ba a san rukunin jinin majiyyaci ba? A ba shi jajayen ƙwayoyin rukunin O, mace mai shekarun haihuwa kuma O nagatif. Kada gaggawa ta hana ku duba sunan da ke jikin leda.