Kafin Ka Ba Ɗanka Magani, Ka Yi Tambaya

A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu ba, kuma sai a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Darasin shi ne, iyaye su riƙa tambaya: mene ne sunan maganin, yana da lambar NAFDAC, kuma magani ne tabbatacce ko gwaji? In gwaji ne, doka ta wajabta a yi muku bayani da harshen da kuke ji, kuma kuna da ikon ƙi.

Wani zai ce gara a guji maganin baƙi gaba ɗaya. Mutanen ƙauyen Abare da ke yankin Anka sun ga akasin haka. Da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum a 2010, maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kawo ya ceci yara da dama. Gudun magani hasara ce, karɓarsa ido rufe ganganci ne. Ku tambaya, ku ajiye kwalin da takardar asibiti, domin su ne hujjarku a kotu.