Daga Gaban Kyamara Zuwa Shirin Wasanni

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga unguwar Fagge ta fito, nan cikin Kano. Mai wasiƙar ya ce ya daɗe yana fitowa a finafinan Kannywood, amma yanzu hankalinsa ya koma ga shirya shirin wasanni a rediyo. Yana tambaya ko abin da ya koya a fim zai ishe shi.

To ɗan'uwa, mun gode, Allah ya bar zumunci. Ba hannu rabbana za ka zo ba. Ɗan wasan fim ya san sarrafa murya, ya san inda ake dakatawa a ja hankalin mutane, kuma rediyo na matuƙar buƙatar wannan. Marigayi ɗan wasan kwaikwayo Usman Baba Pategi, wato Samanja, ai a Rediyon Kaduna ya yi aiki.

Amma aikin da kake nema na furodusa ne, shi kuwa furodusa ba a jin muryarsa. Shi ne mai riƙe da agogo. Shi zai kira wakilin da ke filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ya tabbata layin waya bai yanke ba, ya tsara wanda zai yi magana da minti nawa zai ɗauka, ya san inda talla za ta shiga. A fim idan ka yi tuntuɓen harshe darakta zai ce a sake ɗauka. A shirin kai tsaye babu sakewa, abin da ya fita ya fita.

Sannan masu sauraron ƙwallo ba sa yafe kuskure. Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Ka rikita shekara ɗaya kawai, kafin ka rufe baki waya ta fara ƙara daga gidajen kallo. Ƙungiyar da kake goyon baya kuma, ka bar ta a bakin ƙofa.

Shawarata, ka je filin unguwa ranar wasa, ka naɗi sharhi da hira da koci a wayarka. Ka koyi tace murya a kwamfuta, ko da manhajar Audacity ce, kyauta ake samunta. Ka haɗa shirin minti 5, ka kai wa shugaban sashen wasanni na tashar da ke kusa da kai, ka roƙi a bar ka ka zauna kusa da furodusa ko ba albashi. Idan ka kai, ka rubuto mana abin da suka ce.